Motar Sulke A Tafin Hannu

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu na Umuahia ya gabatar a taron iyaye da matasa na watan Janairu. Mun buga shi kamar yadda ya miƙo mana, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)

 

  

Na san wasu sun yi mamaki da suka ji ni ne zan yi magana yau. Ni ba malami ba ne, ba kuma soja ba. Wake da albasa nake sayarwa, kowa ya san rumfata. Karatuna na Islamiyya ne, na taɓa Ahalari da Iziyya da ɗan abin da ya sawwaƙa na Risala, boko kuwa sai abin da kasuwa ta koya mini. To, amma shugaba ya matsa, ya ce tunda yara suna cika mini rumfa kullum saboda waɗannan 'yan motoci, gara in zo in yi wa iyayensu bayani, kada a ɗauka ina ɓata tarbiyya ne. Ga su nan na jera a kan tebur. Wanda zai duba ya matso bayan an tashi, amma don Allah kallo da ido, ban da hannu.

Bari in fara da abin da kowa ya sani. Babu wani namiji a nan mai furfura da bai yi motar kara ba yana yaro. Ka feƙe karan dawa, ka cire ɓargon, ka soka tsinke, ka yi taya da fasasshiyar ƙwarya ko tsohon silifa. Wanda ya ci gaba ya koma motar langa-langa, ko ta waya, ko ta gwangwanin madara, har da sitiyari mai tsawo da ake tuƙawa a tsaye. Da aka kai ni gida Arewa karatun allo, ni ne gwanin unguwarmu a wannan fanni, kuma na sha bulala a kansa. Abin da nake yi yau ƙanen wancan ne. Bambancinsu ɗaya ne rak: ma'auni. Motar kara yadda ranka ya so haka za ka yi ta. Wannan kuwa ba ka da ikon ƙara ko rage komai. Akwai babbar mota ta gaskiya a wani wuri, ita kake bi sau da ƙafa.

Yadda na faɗa cikin abin kuwa, wani ɗan ɗan'uwana ne da ke zuwa fatauci waje ya kawo wa yarona tsaraba, kwali mai hoton tankar yaƙi. Yaro ya buɗe da murna, sai ya tarar babu tanka, sai tarin ƙananan robobi manne a jikin firam kamar ƙayar kifi, da takarda mai zane-zane. Ya yi kuka, ya jefar. Ni na tsince shi da dare. Ban ankara ba sai na ji kiran assalatu. Yau shekara goma sha ke nan ban daina ba.

To, mene ne ma'aunin? A jikin kowane kwali za ka ga an rubuta lamba, kamar 1/35 ko 1/72 ko 1/76. Ma'anar 1/35 ita ce, an raba tsawon motar gaskiya gida 35 an ɗauki gida ɗaya, haka faɗinta, haka tsayinta. Alal misali, ga wannan mai taya shida, sunanta Saladin, ƙirar kamfanin Alvis na Ingila. Ta gaskiya tsawonta mita 4.93 ne, nauyinta ya haura tan 11. Ka raba 4.93 gida 35, ka samu santimita 14 da 'yan kai. Ga rula, wanda yake shakka ya zo ya auna. Wannan 'yar ƙaramar mai taya huɗu kuwa Ferret ce, ta kamfanin Daimler, tsawonta wajen mita 3.7, shi ya sa ta fito santimita 10 da rabi. Mutum mai tsayin mita 1.75 a wannan ma'auni santimita 5 ne kacal. Kun ga ke nan in ka yi kuskuren milimita ɗaya a nan, a jikin babbar mota ka yi kuskuren santimita uku da rabi. Mu 'yan kasuwa mun san wannan magana. Mudun da aka buga wa gindi, a tiya ɗaya ba a gane shi, amma a buhu ɗari ya zama sata.

Shi wannan ma'auni na 1/35 kamfanin Tamiya na garin Shizuoka a ƙasar Japan ne ya yaɗa shi. Asalinsu 'yan katako ne, a 1946 suka fara, daga baya suka koma roba. A farkon shekarun 1960 suka fito da tankar Jamus mai suna Panther wadda ke tafiya da batir, suka yi ta daidai girman da batiran za su shiga cikinta. Da aka auna sai aka ga ta yi daidai da kashi ɗaya cikin 35, shi ke nan sai ya zauna, sauran kamfanoni suka bi. Mutanen Ingila kuma, irin su Airfix, sun fi sabawa da 1/76 da 1/72, waɗanda suka fi ƙanƙanta, suka fi araha. Mai farawa ya fara da su.

Kafin in shiga yadda ake haɗawa, akwai kuskuren da nake ji kullum a bakin yara, har da manya. Duk abin da ke da igwa sai a ce tanka. A'a. Tanka ita ce mai tafiya a kan sarƙa. Turawan Ingila ne suka fara shiga da ita fagen daga a watan Satumba 1916, a yaƙin duniya na farko, a ƙasar Faransa. Sunan ma dabara ce ta ɓoye sirri, don a ɗauka tankin ruwa ake ƙerawa. Watau tankin da ke bayan gidanka da tankar yaƙi kalma ɗaya ce. Mai taya kuwa, irin Saladin da Ferret da Panhard ta Faransa, motar sulke ake ce mata. Ta fi tanka gudu a kan titi, ta fi ta sauƙin gyara, amma ƙarfenta bai kai na tanka kauri ba.

Yanzu ga aikin. Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramar filaya mai yanka, reza ko wuƙa mai tsini, samfefa mai laushi, matsefata ta ɗaukar ƙananan abubuwa, tsinken sakace, buroshi biyu ko uku, gam, da fenti. Farko ka wanke robobin da ruwan sabulu, don akwai maiƙon da ke biyo su daga masana'anta, yana hana fenti kamawa. Sannan ka zauna ka karanta takardar daga farko har ƙarshe kafin ka yanki komai. Ko ba ka jin Turanci, zane ne da lambobi. Kada ka murɗe ƙwaya da hannu daga jikin firam, yanka za ka yi, ka goge wurin da samfefa. Kowace ƙwaya tana da wani siririn layi inda bakin ma'ajin zubi biyu suka haɗu, sai ka kankare shi da bayan reza. In ka bar shi a jikin bakin igwa, daga nesa mai ido zai gane aikin gaggawa ne. Kuma kafin ka sa gam, ka gwada haɗa su a bushe tukuna, ka ga sun zauna.

Maganar gam tana son a tsaya. Gam ɗin wannan roba ba liƙewa yake yi ba, narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su zama ɗaya, tamkar walda. Saboda haka ɗigo kaɗan ya isa. Tankata ta farko ban san haka ba, na malala mata gam kamar mai zuba manja a wake, na kuma danna da babban yatsa. Har yau zanen yatsana yana nan a gefenta. Bugu da ƙari na sa sarƙar gefe ɗaya a juye. Ban jefar da ita ba. Tana kan kanta a ɗakina, duk ranar da na ji kaina ya fara girma sai in dube ta. Sannan iyaye, ku ji wannan da kyau: warin gam ɗin nan da na tina yana bugarwa, ɗan'uwan sholisho ne, kuma yana kama wuta. Ba a yin aikin a rufaffen ɗaki, ba a yi kusa da fitila ko risho, ba a kuma bar wa ƙaramin yaro kwalbar ko rezar. Yaron da bai kai hankali ba ya yi da kwali da gam ɗin kafinta, wancan fari.

In an gama haɗa jiki, inda aka ga tsaga a cike da ƙullin cike rami irin na masu gyaran jikin mota, a bari ya bushe, a goge. Daga nan sai abin da ya raba gwani da ɗan koyo, watau ƙananan abubuwan da kamfani ya bari ko ya yi su da kauri. Eriyar rediyo, alal misali. Ka ɗauki guntun firam ɗin da ka yar, ka riƙa juya shi a saman kyandir har ya yi laushi, ka ja shi a hankali, sai ya miƙe siriri kamar gashi. Marikin ƙofa kuwa, ka kankare na roba, ka lanƙwasa jan ƙarfen tsohuwar wayar lantarki ka sa. Tamfol ɗin da sojoji ke naɗewa a bayan mota, takardar goge hannu ce da aka jiƙa da gam ɗin kafinta da ruwa, aka naɗe, aka ɗaure da zare. Tsohon katin waya ko na banki yana zama farantin sulke. Masu kuɗi a Turai suna sayen waɗannan a shirye, na tagulla, mu kuwa bola ce kantinmu.

Amma fa ba a ƙara abu don ya yi kyau kawai. Sai ka ga hujja a hoto. Ita Saladin direbanta a gaba yake a tsakiya, injin a baya, mutum uku ke cikinta, igwarta mai bakin milimita 76 ce, tayoyi shida duk suna ja, huɗu na gaba su ke juyawa in an karya kwana. To in ka juya biyu kawai ka bar na tsakiya a miƙe, ka yi ƙarya ke nan, ko da ba wanda ya kama ka. Malaminmu na Islamiyya, Allah ya jiƙansa, in ka kawo masa magana sai ya tambaye ka a wane littafi ka gani. Haka wannan aiki yake.

Sai fenti. Ana fara shafa na share fage, toka-toka, shi ke tona duk aibin da ya ɓuya. Sannan launin motar, a tsinke shi, a shafa sau biyu ko uku, kowane ya bushe kafin na gaba. Wanda ya shafa mai kauri sau ɗaya ya binne ƙusoshi da layukan da aka sha wahala a kansu. Mu a nan Kudu damina tana ba mu wahala, fenti ya kwana biyu yana danƙo. Da hunturu kuma ƙura ce ke sauka a kansa. Maganin duka biyu, ka kifa masa roba ko kwali, ka yi haƙuri. Lambobi da tambari suna zuwa a wata takarda, a tsoma a ruwa, su sulluɓo, a ɗora, a danne da auduga.

A nan ne mutane ke cewa an gama. Ni kuwa a nan nake cewa an fara. Mota mai sheƙi kamar amarya ba ta je ko'ina ba. Dole a tsufar da ita. Ana tsinka baƙin fenti ko ruwan ƙasa ya zama kamar shayi, a bar shi ya gangara cikin lunguna, sai inuwa ta fito. Ana ɗiban fenti mai haske a buroshi, a goge shi a tsumma har ya kusa ƙarewa, a riƙa shafa bakin kusurwoyi, sai su taso. Wani mutumin Beljiyam mai suna François Verlinden ya yi suna ƙwarai a wannan dabara. Ɗan guntun soso da aka dangwala a fenti mai duhu shi ke yin ƙwarzanen da takalmin soja ke bari a bakin ƙofa. Fensir na makaranta, in ka goga a gefen sarƙa, sai ya ba da ƙyallin ƙarfe. Ƙasa kuma ta gaske nake ɗiba, in tankaɗe da rariya, in kwaɓa da gam. Ƙa'idar ita ce ka tambayi kanka: ina ƙafa ke takawa, ina mai ke zuba, ina hayaƙi ke fita, ina taya ke watsa taɓo? Duk wanda ya taɓa bin tirelar albasa daga Arewa zuwa nan ya san amsar.

To jama'a, yanzu zan faɗi abin da ya sa na yarda na tsaya a gabanku. Da na gama Saladin ɗin nan, na kai ta rumfa na ɗora a kan sikeli don alfahari. Akwai wani dattijo Ibo maƙwabcina, tsohon mai walda, mun fi shekara ashirin muna gaisawa, muna cin bashin juna. Ya zo sayen wake, idonsa ya faɗa kanta. Sai ya yi shiru. Ya daɗe tsaye. Can ya ce mini ya san wannan mota, yana yaro ya gan ta daga cikin daji inda suka ɓuya da mahaifiyarsa, kuma ƙanwarsa ba ta fito daga wannan daji ba, yunwa ta kashe ta. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na miƙa hannu zan ɓoye ta, ya riƙe ni. Ya ce in bar ta, amma na yi kuskure: ƙurar da na sa mata fara ce, ta Arewa, alhali wadda ya gani jar laka ce ta rufe ta har rabi, an kuma sassoka mata ganyen kwakwar manja. Na koma gida na sake ta. Ita ce wannan da kuke gani. Ranar da na nuna masa, sai ni ma na ba shi labarin mahaifina, yadda ya bar garin nan a 1966 da rigar jikinsa kawai, da 'yan'uwansa da ba su kai gida ba, da yadda ya dawo bayan yaƙi ya sake daga farko. Shekara ashirin muna tare, ba mu taɓa wannan magana ba sai a kan 'yar mota mai santimita 14.

Yaranmu da yawa an haife su a nan, amma ba su san garin da suke takawa ba. Yaƙin basasa ya fara a watan Yuli 1967, ya ƙare 15 ga Janairu 1970, ranar da ake tunawa da 'yan mazan jiya kowace shekara. Bayan faɗuwar Enugu, Umuahia ce hedkwatar Biyafara har zuwa Afrilu 1969. Sojan tarayya sun yi amfani da Saladin da Saracen da Ferret na Ingila. Ɗaya ɓangaren da aka toshe wa hanya suka koma ƙera nasu da hannu, daga tsofaffin motoci da farantan ƙarfe, suka sa musu suna Red Devil, watau Jan Shaiɗan. Suna nan a Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa da aka kafa a garin nan a 1985, tare da jiragen sama da jirgin ruwan yaƙi da ramin da gidan rediyonsu ya ɓuya. Mutane suna tahowa daga Legas da ƙasashen waje su gani, mu da ke kusa, ku ɗaga hannu, mutum nawa ne suka taɓa shiga? Kun gani.

Wani zai ce, Alhaji, ba koya wa yara son yaƙi kake yi ba? Amsata ita ce, wanda ke son yaƙi shi ne wanda ya san shi a fim da wasan waya. Wanda ya zauna wata guda yana haɗa motar nan, ya ga ƙuncin inda mutum uku ke zama, ga harsashi a gefensu, ga tankin fetur a bayansu, ga ƙofar fita da ƙyar kafaɗa ke wucewa, wannan ba zai yi wa yaƙi guɗa ba.

Wani kuma ya tambaye ni hukuncin abin a addini. Ni ba mai fatawa ba ne, ga Malam Liman nan. Abin da aka karantar da mu shi ne, tsananin yana kan surar abu mai rai, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya umarci wani mai sana'ar zane ya koma yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Mota ba ta da rai. 'Yan mutum-mutumin sojoji da ke zuwa cikin wasu kwalaye kuwa, ni dai ba na haɗa su, ƙofofin nake bari a buɗe. Abin da na fi jin tsoro a kaina shi ne lokaci da kuɗi. Kwali ɗaya mai kyau, da canjin yau, ya fi cefanen mako. Uwargida ta taɓa yi mini magana, kuma ta yi gaskiya. Tun daga nan na sa doka: ba na taɓawa sai bayan lisha, ba na sayen sabo sai na gama na hannu, kuma kuɗin makarantar yara ba ya shiga ciki.

Roƙona ga ƙungiya guda uku ne. Na ɗaya, a ɗauki mota a kai 'yan Islamiyyarmu gidan tarihin nan, a nemi izinin ma'aikata su auna Jan Shaiɗan da tef, su zana ta. Ban taɓa ganin kwalinta a kasuwa ba, saboda haka da gwangwani da kwali za su yi ta, su raba da 35 da kansu. Ku kuma yara, a gidan tarihi ake awo da ɗaukar hoto, ba a shingen sojoji ko ƙofar bariki ba, kada wani ya jawo mana magana. Na biyu, a ba mu barandar makaranta ranar Asabar bayan la'asar, ni zan kawo kayan aikina kyauta, 'ya'yan maƙwabtanmu ma in sun zo a bar su su zauna. Na uku, yaron da aka ga hannunsa ya faɗa, kada a tsaya a tafa masa, asusun ƙungiya ya taimaka a kai shi makarantar koyon sana'a. A 2012 injiniyoyin sojan Nijeriya sun fito da motar sulke mai suna Igirigi, a 2019 kuma aka ƙaddamar da Ezugwu a Kaduna. Masu auna ƙarfen waɗannan motoci da masu waldarsu ba daga sama suka faɗo ba, 'ya'yan wasu ne. Ba dole ne duk ɗan da muka haifa ya gaji rumfa ko turken shanu ba.

Iyaye, in kun ga yaro ya tara gwangwani a bayan ɗaki, kafin ku ɗauki bulala ku saya masa rula. In ya yi sallarsa, ya yi haddarsa, ya yi aiken gida, ku bar shi ya auna. Yaron da ya saba da cewa milimita ɗaya ma amana ce, in ya girma ba zai tauye mudu ba.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa nawa ne, a yafe mini. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa 'ya'yanmu kada su ga motar sulke tana aiki sai dai a kan tebur. Allah ya bar zumunci.